Tsohon Injin Gas Na Peugeot: Suna Ba Ya Jan Kaya

Kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, kuɗi sun fara shiga hannun manoma. A irin wannan lokaci ne mutum ya kan zauna ya lissafa abin da ya biya masu mota cikin shekara, daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa, sai ya ga gara ya mallaki tasa akori-kurar. Sabuwa dai ta fi ƙarfin yawancin manoma. Saboda haka sai hankali ya koma kan tsohuwa. Ba a daɗewa kuwa sai wani ya ba shi shawara ya nemi Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, mai injin gas, ko kuwa ya sayi mai fetur da araha, a cire injinta a sa mata na gas. Dalili biyu a kan ba shi: wai injin gas ba ya shan mai, wai kuma ba ya mutuwa.

Cikin maganar nan akwai gaskiya, akwai kuma ƙari. Tsohon injin gas na Peugeot inji ne na ƙwarai, ya kuwa dace da aikin ƙauye. Amma alherinsa yana da sharuɗɗa. Wanda ya san sharuɗɗan kafin ya biya kuɗi ya sami jakin aiki na shekaru. Wanda ya saya don sunan da ya ji kawai, yana iya binne kuɗin damina guda a garejin bakanike.

Asalinsa

Sunan dizal, watau man da a ke kira gas, daga sunan wani Bajamushe aka samo shi, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya tashi sosai a 1897. Da farko jiragen ruwa da manyan motoci da masana'antu ne ke aiki da shi. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fara sa shi cikin ƙaramar motarsa mai lamba 403 a ƙarshen shekarun 1950. A garin Lille, can arewacin Faransa, aka riƙa ƙera injin, ana kiransa Indenor. Daga 403 ya shiga 404, sa'an nan 504 wadda ta fito a 1968, kana 505 wadda ta fito a 1979.

A lokacin nan mutane na ganin injin gas abin ɗaukar kaya ne kawai, ba shi da gudu. Don a kawar da wannan zato, cikin watan Yuni na 1965 aka kai wata 404 mai gas filin tsere na Montlhéry, kusa da Paris, aka yi ta kewaya fili da ita har kwana uku, dare da rana, tana cin fiye da kilomita 160 cikin awa. Tun daga nan sunan injin ya tafi. Amma fa a lura, wannan inji sabo ne, a hannun masu ƙera shi, bisa hanya mai santsi. Wanda a ke tallarsa yau a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, galibi ya haura shekara talatin, ya kuma bi hannun mutane da yawa.

Girmansa Da Ƙarfinsa

Kuskuren farko shi ne mutum ya ce da dillali yana son "injin gas na Fijo". Su injunan nan iri-iri ne, ko da ya ke dukansu silinda huɗu gare su. Ga manyansu.

Akwai XD88, mai si-si 1948, wanda aka fi sani cikin 404. Akwai XD90, mai si-si 2112, na 504 ta farko. Lambar nan 88 da 90 faɗin bakin silinda ke nan da milimita. Su biyun ƙarfinsu bai kai na doki 70 ba. Cikin shekarun 1970 sai aka fito da XD2, mai si-si 2304, faɗin silindarsa milimita 94, ƙarfinsa doki 70. A farkon shekarun 1980 kuma aka yi XD3, mai si-si 2498, faɗinsa ɗaya da XD2 amma fistinsa ya fi tafiya da nisa, ƙarfinsa doki 76. Waɗansu an sa musu tabo, watau famfon da hayaƙi ke juyawa yana cusa wa inji ƙarin iska. XD2 mai tabo ya fito a 1979 cikin motar 604 da doki 80, XD3 mai tabo kuwa ya kai doki 95.

To, a gwada wannan da injin fetur na 504 mai lita 2, wanda ya haura doki 90. Watau a fagen gudu na fetur ne a gaba. Abin da na gas ya fi shi da shi, shi ne ja a hankali. Tun yana juyawa kaɗan-kaɗan ƙarfinsa ke fitowa, shi ya sa ya ke fita cikin yashi da laka da kaya a bayansa ba tare da an yi ta ƙona kuloci ba. Ga manomi wannan ya fi gudu amfani.

Abin Da Ya Sa Ya Ke Daɗewa

Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta. Na gas ba ya bukatarsa. Fistin ne ke matse iska cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a feso gas ya kama da kansa. Injin fetur na wancan zamani ya kan matse iska wajen sau 8 ko 9, wannan kuwa wajen sau 22. Saboda wannan matsi tilas aka yi gangar jikinsa da baƙin ƙarfe mai kauri, aka ƙarfafa fistin da duk abin da ke juyawa. Ba ya kuma bukatar wuce juyi 4,500 cikin minti kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa. Abu mai kauri da ke aiki a hankali, lalle ya daɗe.

Na biyu, ba shi da kafireta, ba shi da kwamfuta. Famfon injekta ne ke raba mai, ko na Bosch ko na Roto Diesel, shi kuwa famfon nan aikin ƙarfe ne tsantsa. Na uku, abin da ke haɗa juyin ƙasa da na bawul sarƙa ce ko haƙoran ƙarfe, babu bel ɗin roba da zai tsinke ba sallama. Na huɗu, tsofaffin ciki, XD88 da XD90, silindarsu hannun riga ce da a ke zarewa. In ta cinye sai a sa sabuwa tare da fistin da ringi, inji ya koma saurayi.

Babban alherinsa ke nan: abin da ya ɓaci a jikinsa ana ganinsa da ido, ana gyara shi da sifana. Injunan gas na zamani, irin HDi da Peugeot ta fara a 1998, sun fi shi ƙarfi da tsabta nesa ba kusa ba, amma in suka tsaya a bakin gona, sai an nemo mai kwamfuta daga birni.

Inda Ya Ke Da Rauni

Kan injin, wanda kanikawa ke kira tof, da alminiyam aka yi shi, jiki kuwa baƙin ƙarfe. Da zafi ya yi yawa, alminiyam ya kan buɗe fiye da ƙarfe. Sai gaskit ya ƙone, ko tof ya lanƙwashe, ko ya tsage. Zafi guda ɗaya mai tsanani ya isa ya jawo wannan. Nan ne injunan nan suka fi mutuwa, kuma abin da ke jawo shi ƙanana ne: lagireto da ya toshe, fanbel da ya saki, tiyo da ke yoyo, direba da ba ya duban allurar zafi. Ruwan rijiya mai kanwa ya kan bar dattin da ke toshe lagireto, ya kuma ci alminiyam. Ruwa mai tsabta a ke so, a haɗa da maganin lagireto. Wanda injinsa ya tafasa ya kwarara masa ruwan sanyi nan take, shi ya tsaga tof da hannunsa.

Rauni na biyu mai ne. Cikin famfon injekta akwai ƙarafa da ke goga juna, tsakaninsu ko gashi ba ya wucewa, kuma gas ɗin da kansa shi ne man shafawarsu. In aka zuba gas ɗin da aka gauraya da kananzir, santsin ya ragu, famfo ya ci kansa. In da ruwa a ciki, irin wanda ke taruwa a gindin duro, sai tsatsa. Famfon nan kuwa yana cikin mafi tsada a jikin injin, ba kuma kowane bakanike ke iya buɗe shi ba. Mai sayen gas a galan bakin hanya don ragin naira kaɗan, ya tuna araha ba ta ado.

Na uku ƙura. Hanyar ƙauye cikin hunturu gari ce. In matatar iska ta huje, ƙura ta shiga ta cinye ringi da silinda kamar an sa musu yashi. In ta toshe, inji ya shaƙe ya yi ta baƙin hayaƙi. Baƙin mai kuma a canja shi kowace kilomita 5,000 ko kafin nan, tare da matatarsa.

Na huɗu tashin safe. A cikin tof kowace silinda tana da ɗan ƙaramin ɗaki inda a ke fesa gas, bisa fasalin da wani injiniya na Ingila, Harry Ricardo, ya tsara. Da sanyin safiya ɗakin nan ba ya ɗaukar zafi sai an hura shi da hita. In hita ta mutu, ko batir ya yi sanyi, sai mota ta ƙi tashi. Maganinta sabuwar hita. Masu jiƙa tsumma da fetur su kara a bakin iska, suna karya ringi ne ba su sani ba.

Har ila yau, hayaƙinsa yana cutarwa. A 2012 masana ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa hayaƙin gas cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin huhu. Kada a bar shi yana aiki cikin rufaffen zaure, ko kusa da inda yara ke kwana.

Wace Mota Ya Ke Shiga?

A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, aka kuwa shafe shekara wajen talatin ana yin 504 a can. Saboda haka kayan jikinta sun wadata, kanikawan da suka san ta kuma ba su ƙirguwa. Sai dai galibin waɗanda suka fito daga Kaduna masu fetur ne. Bakaniken da ya ƙware a 504 mai fetur, ba lalle ne ya san mai gas ba. Kafin manomi ya tambayi kuɗin inji, ya fara tambaya ko akwai mai gyaran injekta a garin da ya fi kusa da shi, ko kuma ana samun gaskit da ringi da hita na gaske a can.

Injin nan bai tsaya cikin Peugeot kaɗai ba. Kamfanin Ford ya sa shi cikin Granada da Sierra a Turai. Kamfanin Mahindra na Indiya ya yi shekaru yana ƙera shi don motocinsa na daji. Yana kuma cikin motocin kaya na J7 da J9. Nan ne dillali ke cewa duk ɗaya ne. A ciki kam dangi ne, amma a waje sun sha bamban. Kaskon baƙin mai, da ƙafafun da inji ke zama a kai, da bakin da ke haɗuwa da giyabos, da bututun salansa, kowace mota da irin nata. Wani a tsaye ya ke zama, wani a jingine. Wanda ya sayi na Sierra don 504, zai biya kuɗin kayan nan dabam, in ma ya same su.

Akwai kuma wani dangi dabam da a ke rikitawa da shi, watau XUD, wanda ya fito a 1982. Ɗaya daga cikinsu XUD9 ne, mai si-si 1905, na cikin 305 da 405 da 306. Inji ne mai kyau, amma a gicciye ya ke zama cikin waɗannan motoci, ƙafafun gaba ya ke ja, bel ɗin roba kuma gare shi, wanda in ya tsinke fistin ya daki bawul. Ita 504 ƙafafun baya ke tura ta. Haɗa su sai da yanka da walda, abin da aka haɗa da walda kuwa ba ya jure ramukan hanyar kasuwa.

Ko da an sami ainihin injin 504, mayar da mai fetur ta koma mai gas aiki ne babba. Injin fetur a kwance ya ke digiri 45, na gas bai kai haka ba, saboda haka mazauninsu dabam. Ana bukatar babban batir da babban kik, gama juya inji mai matsi sau 22 ba wasa ba ne. Ana bukatar babban lagireto, da wayoyin hita, da abin kashe inji. Sai an wanke tanki, an ja bututun da ke mayar da ragowar mai, an sa matata mai tare ruwa. Na gas ya fi nauyi, tilas a ƙarfafa sifirin na gaba. Giyar baya ma ta mai fetur an tsara ta ne don injin da ke haura juyi 5,000.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne birki. A motar fetur, inji ne da kansa ke zuƙo iskar da ke taimakon ƙafar direba. Injin gas ba ya yin wannan, sai an ɗaura masa wani ɗan famfo na musamman. In aka manta da shi, ko aka sa matacce, birki ya kan yi tauri kamar dutse. Mota cike da buhuna da 'yan kasuwa a kansu, a gangare, ba birki, wannan ya wuce maganar hasarar kuɗi. Daga ƙarshe kuma lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya canja inji ya karɓi rasit, ya je ofishin lasin a gyara, don kada ya kwana a hannun 'yan sanda.

Saboda haka shawara ita ce: a sayi motar da aka haifa da gas. In kuwa tilas sai an canja, a sayo inji da giyabos da lagireto da famfon birki duka daga mota guda irin tasa.

Lissafin Mai

Gaskiya ne injin gas ba ya sha kamar na fetur. Bisa ƙiyasi, inda na fetur zai sha lita 4, na gas zai sha wajen lita 3. Amma riba tana ga kuɗin lita. Ga misali: in fetur naira 300 ne, lita 4 ta kama naira 1,200. In gas naira 400 ne, lita 3 ita ma naira 1,200. Watau da zarar kuɗin gas ya ɗara na fetur da kashi ɗaya cikin uku, riba ta ƙare. Wannan ya taɓa faruwa har ya wuce. A 2022, lokacin da gwamnatin Nijeriya ke tallafa wa fetur ba ta tallafa wa gas, kuɗin litar gas ya ninka na fetur fiye da sau uku, masu motocin gas da yawa suka jingine su. Bayan an janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ratar ta ragu. Manomi ya je gidan mai ya ga allo da idonsa, ya yi lissafin nan da kuɗin ranar. Ya kuma tuna mai tafiya da yawa shi ke cin ribar gas. Motar da ke fita ranar kasuwa kaɗai za ta daɗe ba ta mayar da bambancin kuɗin saye ba.

Ranar Ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Injin da ke ajiye a ƙasa cikin shago, ba wanda ya san cikinsa, sai a ce a tayar da shi. A je da sassafe, a dafa shi a ji da sanyi, gama inji mai ɗumi yana ɓoye laifinsa. Lafiyayye ya kan tashi nan da nan bayan an hura hita, ya yi ɗan hayaƙi ya daina. Farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa alamar ruwa ne ko famfo da ya kauce. Shuɗi, inji na cin baƙin mai. Baƙi, nozul sun gaji ko iska ba ta isa. A buɗe murfin baƙin mai yana aiki: in yana huci kamar tukunya, ringi sun tafi. A duba bakin lagireto tun inji bai yi zafi ba: in ruwa na kumfa, gaskit ko tof ya sami matsala. Baƙin mai da ya koma kamar kunu, ruwa ya shiga. A karanta lambar da ke jikinsa a tabbata XD nawa ne. A tafi da bakaniken da mai saye ya biya, ban da na mai sayarwa. A kuma ajiye wani abu cikin kuɗin don gyaran farko, kada a zuba duka a ciniki.

Bayan an saya, sauran aiki na mai mota ne. Akori-kurar 504 an yi ta ne don tan ɗaya da 'yan kai, watau buhun masara goma zuwa goma sha biyu. Wanda ya ɗora mata ashirin don ya isa Dawanau da sawu ɗaya, inji zai ja, gama ja shi ne halinsa, amma yana ja yana zafi, zafi kuwa an riga an faɗi abin da ya ke yi wa tof. Sawu biyu sun fi sati uku a gareji.

In ƙarfin mutum ɗaya bai kai ya sayi lafiyayyen inji ya kuma riƙe shi yadda ya kamata ba, gara manoma huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, su sa direba guda mai amana, su buɗe littafin da a ke rubuta mai da gyara da abin da aka samu kowace fita. Malamin ƙungiya da ya iya lissafi zai gaya musu cikin wata uku ko motar na ciyar da su ko su ke ciyar da ita.

Allah ya sa albarka cikin abin da aka noma, ya kiyaye hanya.